Bayani: Yadda ake sarrafa tsirrai domin gyaran ƙashin ɗan Adam

Masana kimiyya a ƙasashe da dama sun duƙufa wajen neman hanyoyin amfani da itatuwa da 'ya'yan itatuwa da hatsi domin cike gurbin ƙashin da ya lalace a jikin ɗan Adam.

Kaɗan daga cikin abubuwan da suka samar sun riga sun shiga ɗakin tiyata, yayin da akasarinsu ke matakin gwaji a kan dabbobi.

Ga bayani kan yadda wannan fanni ya faro, da inda ya kai, da kuma matsalolin da ke gabansa.

Me ya sa ake buƙatar dashen ƙashi?

Baligi yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa, kuma kowannensu abu ne mai rai, wanda jini ke ratsawa.

Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma'adini ne na kalsiyam da fosfet, wanda masana ke kira haidroksi-afatait. Shi ne ke ba ƙashi tauri.

Sauran kuma ruwa ne da wani furotin mai kama da zare da ake kira kolajin, wanda ke hana ƙashi farfashewa kamar tangaran.

A kullum wasu ƙwayoyin halitta na cinye tsohon ƙashi, wasu kuma na gina sabo a madadinsa. Ta haka ne ƙasusuwan baligi ke sabunta kansu baki ɗaya cikin kimanin shekaru 10.

Wannan ne dalilin da ya sa karaya ke haɗewa da kanta idan aka daidaita ta, aka kuma hana ta motsi.

To amma wannan baiwa tana da iyaka. Idan giɓin da ke tsakanin ɓangarorin biyu ya haura santimita 2 ko 3, galibi ƙwayoyin ba sa iya tsallake shi.

Irin wannan giɓi kan samu ne sakamakon haɗarin mota, ko harbin bindiga, ko yanke ƙashin da ciwon daji ya kama, ko kuma ruɓewar ƙashi saboda ƙwayoyin cuta. Masu fama da cutar sikila na cikin waɗanda ruɓewar ƙashi da mutuwar kan ƙashin cinya suka fi addaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutane kimanin miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗuran hanya a kowace shekara, kuma wasu miliyan 20 zuwa 50 na samun raunuka.

An ƙiyasta cewa ana yin aikin dashen ƙashi fiye da miliyan 2 a duniya a kowace shekara, abin da ya sa ƙashi ya zama na biyu bayan jini a jerin abubuwan da aka fi sanya wa marasa lafiya daga wani jiki ko wani sashe na jiki.

Ta yaya likitoci ke cike giɓin a yanzu?

Hanyar da likitoci suka fi amincewa da ita ita ce a yanko ƙashi daga jikin majiyyacin kansa, yawanci daga ƙugu, a dasa a inda ake buƙata.

Amfaninta shi ne jiki ba ya ƙin abin da yake nasa, kuma ƙashin na zuwa da ƙwayoyinsa masu rai. Illarta kuwa ita ce fiɗa biyu ake yi wa mutum maimakon ɗaya, wurin da aka yanko kan daɗe yana ciwo, sannan abin da za a iya ɗiba ba shi da yawa, musamman a jikin yara.

Hanya ta biyu ita ce amfani da ƙashin wani mutum, mai rai ko mamaci, wanda ake adanawa a ma'ajiyar ƙasusuwa. Wannan na buƙatar gwaje-gwaje masu tsauri da na'urorin sanyi da wutar lantarki da ba ta yankewa, abubuwan da suka yi ƙaranci a ƙasashe matalauta.

Hanya ta uku ita ce ƙashin dabbobi, kamar saniya da alade da doki, wanda ake ƙonawa ko a wanke da sinadarai har sai ma'adinin kaɗai ya rage. Likitocin haƙori na yawan amfani da shi wajen gina muƙamuƙi.

Jama'a sun ƙara ɗari-ɗari da kayan da aka samo daga shanu bayan ɓullar cutar haukan shanu a Birtaniya a 1986, da kuma sanarwar da gwamnatin ƙasar ta yi a 1996 cewa mai yiwuwa cutar na kama mutane. Sai dai masana na ganin haɗarin da ke tattare da ƙashin da aka sarrafa sosai ƙanƙani ne ƙwarai.

Akwai kuma ƙarafa da tangaran na roƙo da ake haɗawa a masana'anta, da kuma dabarar da likitan Tarayyar Sobiyet Gavriil Ilizarov ya ɓullo da ita a shekarun 1950, inda ake jan ƙashi da ƙarafa milimita 1 a kowace rana har ya tsiro ya cike giɓin. Wannan kan ɗauki watanni majiyyaci na ɗaure da ƙarfe.

Ina matsayin addini?

Taƙaddama kan sanya wa mutum ƙashin dabba ta daɗe.

A wani littafi da aka buga a 1668, likitan fiɗa ɗan ƙasar Holan Job van Meekeren ya ruwaito labarin wani soja a Rasha da aka toshe masa ramin da ke ƙoƙon kansa da ƙashin kare.

A cewar ruwayar, coci ta kore shi saboda hakan. Da ya nemi a cire masa, sai aka tarar ƙashin ya riga ya haɗe da nasa.

A duniyar Musulmi, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na birnin Jidda a 1988 cewa ya halatta a ɗauki wani sashe na jikin mutum a dasa a wani wuri na jikinsa, haka nan dashe daga wani mutum, bisa wasu sharuɗɗa.

A 1995 kuma wani taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait ya yi nazari kan abubuwan da aka samo daga alade, inda ya ce idan abu ya rikiɗe gaba ɗaya ya koma wani abu dabam, hukuncinsa na sauyawa. Amma akwai malaman da ba su gamsu cewa ana samun cikakkiyar rikiɗar ba.

Haka nan mabiya addinin Hindu da dama ba sa son abin da aka samo daga saniya.

Masu binciken tsirrai na cewa abin da aka samo daga itace ko hatsi zai kawar da wannan damuwa tun daga tushe.

Mene ne tushen wannan fasaha?

A 1993 wasu masana biyu na Amurka, Robert Langer da Joseph Vacanti, suka wallafa wata maƙala a mujallar Science, wadda ta fayyace manufar abin da ake kira fasahar gina sassan jiki.

Fasahar na tsaye ne a kan abubuwa uku, tamkar duwatsun murhu: ƙwayoyin halitta, da sinadaran da ke umurtar su su yi aiki, da kuma abin da za su maƙale a kai su yi gini.

Wannan na ukun ana iya kwatanta shi da tsaikon ɗaki, wanda ake fara ɗaurawa kafin a baibaye shi da ciyawa. Bambancin shi ne ana so wannan tsaiko ya narke sannu a hankali, yayin da sabon ƙashi ke maye gurbinsa.

Tsaiko mai kyau sai ya cika wasu sharuɗɗa. Kada ya zama guba, kada kuma ya tayar da garkuwar jiki. Ya kasance da ƙarfin ɗaukar nauyi. Sannan ya kasance da ƙofofi masu haɗe da juna kamar soso.

Ƙofofin nan su ne gishirin zancen. Ƙwayar halitta ba ta rayuwa idan ta yi nisan fiye da kashi 1 cikin 5 na milimita daga jijiyar jini, saboda iskar oksijin ba ta isa gare ta.

Bincike ya nuna cewa ƙofar da ta gaza kashi 1 cikin 10 na milimita ta yi ƙanƙanta, kuma wadda ta kai kusan sulusin milimita ko fiye ita ce jijiyoyin jini da sabon ƙashi suka fi ratsawa.

Ƙera irin waɗannan ƙananan hanyoyi a masana'anta abu ne mai wuya da tsada. Tsirrai kuwa da su aka halicce su, domin ta cikinsu ne ruwa ke hawa daga saiwa zuwa ganye.

Daga itace zuwa ƙashi

Aikin da ya fi nisa a wannan fanni an yi shi ne a garin Faenza na ƙasar Italiya, a wata cibiyar binciken tangaran ta gwamnati, ƙarƙashin jagorancin Dokta Anna Tampieri.

Bayan gwada itatuwa iri-iri, masanan sun zaɓi itacen ratan, wani tsiro mai yaɗo, ɗan dangin dabino da giginya, wanda ake saƙa kujeru da kwanduna da shi, kuma ya fi yawa a kudu maso gabashin Asiya.

Sun zaɓe shi ne saboda cikinsa cike yake da dogayen bututu da suka miƙe daga wannan kai zuwa wancan, kamar yadda hanyoyin jini suke a cikin ƙashin ƙafa ko na hannu.

A bayanin da suka wallafa a 2009, sun nuna cewa aikin na da matakai biyar.

Da farko ana gasa guntun itacen a tanderun da babu iska, har ya zama gawayi ba tare da siffarsa ta lalace ba.

Daga nan sai a ratsa gawayin da tururin kalsiyam. A mataki na uku a sa masa iskar oksijin, wadda ke ƙone sauran gawayin.

A mataki na huɗu ana mayar da shi sinadarin da ake samu a ɓawon ƙwai da alli. A ƙarshe kuma a jiƙa shi cikin ruwan fosfet mai zafi, inda yake komawa ma'adini irin na ƙashi.

Abin da ke fitowa fari ne fat, kuma babu sauran itace a cikinsa ko kaɗan. Abin da aka ara daga tsiron shi ne tsarin ƙofofinsa kawai.

An gwada shi a ƙafafun tumaki tare da haɗin gwiwar likitocin ƙashi na birnin Bologna, inda aka ga ƙashin dabbobin yana tsirowa a cikinsa yana haɗewa da shi.

A 2014 aka kafa kamfanin GreenBone domin kai shi kasuwa, kuma ya samu shaidar amincewa ta Tarayyar Turai a ƙarshen 2019.

Tuffa da karas

Wata dabarar ta dabam ita ce a bar tsiron yadda yake, a wanke ƙwayoyin halittarsa kawai.

Ana yanka tsiron a jiƙa shi na kwanaki cikin wani sinadari mai kama da sabulu, wanda ke fasa ƙwayoyin ya fitar da abin da ke cikinsu. Abin da ke saura shi ne bangayensu, waɗanda aka yi da selulos, wato sinadarin da ke cikin auduga da takarda.

A 2014 tawagar Farfesa Andrew Pelling na Jami'ar Ottawa a Kanada ta nuna cewa ƙwayoyin halittar ɓera da na mutum na iya rayuwa su hayayyafa a cikin tuffar da aka yi wa haka.

A 2016 suka dasa ta a ƙarƙashin fatar ɓeraye. Bayan makonni 8 sun tarar jijiyoyin jini sun shiga cikinta, kuma jikin dabbobin bai ƙi ta ba.

A 2017 wasu masana a birnin Worcester na Amurka sun yi irin wannan aiki da ganyen alayyafon Turawa, inda suka tura ruwa ta jijiyoyin ganyen, suka kuma shuka ƙwayoyin zuciyar mutum a kansa har suka riƙa bugawa.

Game da ƙashi kuwa, a 2019 wasu masana a Koriya ta Kudu sun gwada tsirrai da dama, ciki har da tuffa da karas da tattasai. Tuffa ce ta fi karɓar ƙwayoyin da ke gina ƙashi, kuma da aka dasa ta a ramin da aka huda a ƙoƙon kan ɓeraye, an ga alamun ma'adinin ƙashi na taruwa.

A 2020 kuma wani bincike daga birnin Milan na Italiya ya ba da shawarar a dace kowane tsiro da sashen jikin da ya yi kama da shi: tuffa ga kitse saboda laushinta, karas ga ƙashi saboda ya fi ta tauri.

Dukkan waɗannan gwaje-gwaje ne na ɗakin bincike da na dabbobi.

Masara da waken soya da taba

Ba siffar tsiro kaɗai ake ara ba. Ana kuma tatsar sinadaransa a ƙera tsaikon da su.

Daga sukarin masara ko na rake, ƙwayoyin bakteriya na samar da irin sinadarin da ke sa nono tsami. Da shi ake yin wata roba mai narkewa a jiki.

Tun a tsakiyar shekarun 1980 likitoci a birnin Helsinki na ƙasar Finland suka fara ɗaure ƙananan karaya da sanduna na dangin wannan roba. A yau ana yin ƙusoshi da faifai da ita, waɗanda ba sai an sake fiɗa domin cire su ba.

A Jami'ar Minho ta ƙasar Fotugal, tawagar Farfesa Rui Reis ta shafe shekaru tana cuɗa sitacin masara da robobi masu narkewa domin samar da tsaiko mai kama da saƙar zare.

A Jami'ar Brighton ta Birtaniya, Farfesa Matteo Santin ya yi bincike kan garin waken soya da aka tatse mansa. Waken na ƙunshe da wasu sinadarai masu aiki kamar na jikin mace, waɗanda a gwaji aka ga suna rage kuzarin ƙwayoyin da ke cinye ƙashi.

A Brazil kuma, Farfesa Gilberto Chierice na Jami'ar Sao Paulo ya samar da wata roba daga man zurma, wadda likitocin ƙasar suka yi amfani da ita wajen cike giɓi a ƙoƙon kai da muƙamuƙi.

Wani abin mamaki shi ne taba. Kamfanin CollPlant na Isra'ila ya dasa ƙwayoyin gado guda 5 na ɗan Adam a cikin tsiron taba, ta yadda ganyensa ke samar da kolajin irin na mutum. A bisa al'ada daga fata da jijiyoyin shanu da aladu ake samun kolajin da ake aiki da shi a asibiti.

Ciyawar teku ma ta ba da nata gudummawar, ko da yake masana ba sa lissafa ta cikin tsirrai na haƙiƙa. Tun a shekarun 1980 aka fara mayar da wata jar ciyawar teku mai tauri zuwa ma'adinin ƙashi, kuma likitocin haƙori na amfani da ita wajen gina muƙamuƙin sama kafin dasa haƙori.

Waɗanne matsaloli ne suka rage?

Matsala ta farko ita ce ƙarfi. Ƙashin cinyar mutum ya fi tsaikon tuffa tauri sau dubbai. Ko tangaran ɗin da aka samu daga itace na da gautsi, don haka sai an tallafe shi da ƙarfe kafin ƙashi ya cika shi.

Ta biyu ita ce narkewa. Jikin ɗan Adam ba shi da sinadarin da ke narkar da selulos. Shanu ma ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbinsu ne ke yi musu wannan aiki.

Saboda haka tsaikon selulos na iya zama a jiki har ƙarshen rayuwa, sai dai idan an sarrafa shi. An san hakan na yiwuwa, domin tun shekaru da dama likitocin fiɗa ke tsayar da jini da wani ƙyallen selulos da aka sarrafa, wanda jiki ke shanyewa cikin mako ɗaya ko biyu.

Robar masara kuma tata illar ita ce tsamin da take fitarwa yayin da take narkewa, wanda kan jawo kumburi a wasu majiyyata.

Matsala ta uku ita ce ƙwayoyin halittar mutum ba sa maƙalewa sosai a kan selulos tsura. Sau da yawa sai an shafe shi da kolajin ko jelatin, waɗanda idan daga dabba aka samo su, an koma gidan jiya ke nan game da batun halacci.

Ta huɗu ita ce bambanci. Tuffa biyu daga bishiya ɗaya ba sa zama daidai da juna, alhali hukumomin da ke sa ido kan magunguna na buƙatar kowane ƙunshi ya fito iri ɗaya, babu ragowar sabulun wanki ko maganin ƙwari ko furotin da ka iya jawo borin jini.

Akwai kuma tazara mai yawa tsakanin ɓera da mutum. Ramin da ake hudawa a kan ɓera 'yan milimitoci ne, kuma ba ya ɗaukar nauyi. Giɓin santimita 10 a ƙafar baligi wani al'amari ne dabam, domin tsakiyarsa kan mutu kafin jijiyoyin jini su isa.

Shin wannan na da alaƙa da ɗorin gargajiya?

A ƙasar Hausa, kamar sauran sassan Afirka, jama'a da dama kan fara zuwa wurin masu ɗori idan sun samu karaya, kuma masu ɗorin na aiki da karare da itace da saiwoyi.

Sai dai wannan daga waje yake, kuma aikinsa shi ne hana ƙashi motsi har ya haɗe da kansa. Ba ya cike giɓin da ƙashi ya gutsure ya fita.

Abin da masana kimiyya ke sanyawa a cikin jiki kuwa sai an raba shi da dukkan ƙwayoyin cuta, an kuma yi aikin a ɗakin tiyata. Cusa ganye ko garin itace a buɗaɗɗen rauni na iya jawo ruɓewar ƙashi ko cutar sarƙewar haƙora.

Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi cewa ɗaurin da ya yi tsauri na toshe jini, kuma yana cikin dalilan da ke sa a yanke hannu ko ƙafa, musamman ga yara.

Karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda ta ƙi haɗewa bayan watanni, ko wadda ke fitar da mugunya, aiki ne na asibitin ƙashi, irin na Dala da ke Kano.

Ina aka dosa?

Abin da ke jan hankalin masana shi ne arahar kayan da ake farawa da su, da kuma cewa ana iya noma su a ko'ina.

Amma arahar itace ba ta nufin arahar magani. Akasarin kuɗin na tafiya ne wajen tacewa, da kashe ƙwayoyin cuta, da gwaji a kan dabbobi da mutane, da neman izinin hukumomi, abin da kan ɗauki shekaru 10 ko fiye. Itacen ratan ma shekaru 10 ya yi tsakanin wallafa sakamakon farko da samun izini.

A halin yanzu masu bincike sun fi karkata ga haɗa abubuwa, wato a cuɗa selulos ko sitaci da ma'adinin ƙashi, a kuma fitar da siffar da ta dace da raunin kowane majiyyaci ta amfani da na'urar da ke ɗab'in abubuwa masu jiki daga hoton kwamfuta.

Kawo yanzu, inda kayan tsirrai suka fi samun karɓuwa shi ne ƙananan giɓi da wuraren da ba sa ɗaukar nauyi sosai, kamar muƙamuƙi da fuska.

Ga manyan giɓi a hannu da ƙafa kuwa, ƙashin majiyyacin kansa ne har yanzu ma'aunin da ake gwada kowane sabon abu da shi.